Fayil ɗin Bara Ya Ƙi Buɗewa

Shekara shida na yi ina akawu a wani shagon sari a Kasuwar Litinin, kuma a tsawon shekarun nan Alhaji mai shagon bai taɓa yarda cewa kwamfuta tana buƙatar wuta kamar sauran injuna ba. A ganinsa tunda ba niƙa take yi ba, ɗan abin da ta lasa ya ishe ta. Sukari muke sayarwa da shinkafa da taliya da sabulu, ga masu kantunan unguwa da na ƙauye. Ni ina can ƙurya bayan buhuna, a wani ɗaki da Alhaji ke kira ofis idan ya yi baƙi, ya koma kiransa sito idan sun tafi. Ba na ganin masu saye. Takardun cinikinsu kawai ke iso ni, in zuba su a manhajar lissafi.

Lokacin garin Maiduguri ya riga ya rikice. An hana hawa babur, an ɗauke layin waya gaba ɗaya, yaran nan masu bindiga da ke daji sun addabi hanyoyin da ke shigowa gari. Wutar lantarki kuwa ba za a zarge ta da gudun hijira ba, domin tun ana zaman lafiya ba ta cika zama da mu ba.

Wata safiya wata dattijuwa ta shigo shago da lafaya mai ruwan toka, ta gaida Alhaji da Kanuri, ta zauna a kan katan ɗin sabulu. Ina jin su ta tsakanin buhuna.

"Alhaji, ni ba kuɗi na zo nema ba," in ji ta.

Na ji saukar numfashin Alhaji har inda nake. Nan take ya zama mutumin kirki, ya sa aka kawo mata ruwan leda har biyu.

Mijinta mai kanti ne a wani ƙauye bayan Konduga, a wurinmu yake sarin kaya. Bara, Litinin ta biyu bayan Babbar Sallah, ya fito da sassafe zai zo kasuwa, bai koma ba. A ranar yaran nan sun tare hanya da hantsi. A makon nan kuma an yi ta kame a tasha, aka kwashi mutane aka tafi da su bariki. Daga baya ƙauyen ya watse, ita ta dawo unguwar Maisandari wurin ƙanwarta.

"Idan ya iso shagonka, to ya tsallake hanya," ta ce. "Wanda ke bariki ana sa ran wata rana a sako shi. Wanda hanya ta ci, sai addu'a. 'Yan'uwansa sun ce in shiga takaba in huta. Ni kuma ina so in san ko ya iso."

Alhaji bai tuna ba, kuma ban ga laifinsa ba, mutum ɗari nawa ke wucewa ta gabansa a mako. Amma ya gyara zama, ya ce, "Hajja, wannan ai mai sauƙi ne. Muna da kwamfuta. Ba ta mantuwa, ba ta ƙarya. Akawu! Tayar da janareta."

Ranar ce ta farko da na ji ya ba da wannan umarni ba tare da ya tambayi lita nawa ta rage ba.

Lissafin kowace shekara fayil ɗinsa daban. Na bara na rufe shi tun farkon shekara, ko in ce janareta ne ya rufe mana shi, domin ranar da na taɓa shi ta ƙarshe man ya ƙare ina tsakiyar aiki. Na danna shi, manhajar ta yi ta juya ɗan zobenta kamar mai nazari, sannan ta sanar da ni cikin ladabi cewa fayil ɗin ba zai buɗu ba, wani yana amfani da shi.

Na waiga. Ni ne, da buhunan sukari, da wata ƙadangaruwa a jikin bango. Kwamfuta ɗaya ce a shagon, kai, a layinmu gaba ɗaya. Na kashe na kunna. Wanin nan yana nan bai tashi ba. Na sake kashewa na kunna, ya ƙi ko gusawa.

"Wane ne yake amfani da shi?" Alhaji ya tambaya, yana kallona kamar na sayar da sirrin shago ga maƙwabta.

"Ba kowa, Alhaji."

"To ka faɗa mata ba kowa."

Na ce wa dattijuwar ta dawo jibi. Ta ce to, ta naɗe ledar ruwan da ta rage a bakin lafayarta ta tafi.

Ina da kwafi a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, domin ni mai difloma ne, an koya mana ajiye kwafi. Abin da ba a koya mana ba shi ne kada ka ara wa maigidanka filas ɗin ya je shagon buga takardu da shi. Da na soka shi, sai na tarar duk abin da ke ciki ya zama 'yan gumaka masu kibiya, ka danna ba komai. Cutar kwamfuta ta cinye lissafin shekara uku, ta bar min hoton fasfo ɗin Alhaji lafiya lau, yana murmushi.

Akwai lambar kamfanin da ya sayar mana da manhajar a jikin kwalinta, an rubuta a kira kowane lokaci. Sun yi alkawari mai kyau. A lokacin, mai son yin waya sai ya shiga mota ya bar jihar, ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiya Hajji, don ya ce wa wani a Legas kwamfutarsa ta ƙi buɗewa.

Jibi ta yi, Hajja ta dawo. Na ce ta ƙara min kwana uku.

Na ɗauki tukunyar kwamfutar, na naɗe ta da zanen gado, na hau keke mai ƙafa uku zuwa wurin wani mai gyara a Bolori, kusa da gidanmu. A hanya akwai shingen sojoji uku. A kowanne sai ka sauko, ka ɗaga hannu, ka taka da ƙafa. Ka gwada ɗaga hannu da akwatin ƙarfe mai wayoyi a rungume, a Maiduguri, a shekarun nan. A shinge na biyu sojan ya ja da baya, ya nuna ta da bakin bindiga.

"Mene ne a ciki?"

"Lissafi, ranka ya daɗe."

"Buɗe."

Saura kaɗan in ce masa in ya iya buɗewa ni zan biya shi. Allah ya taimake ni na haɗiye. Na kwance noti huɗu da makullin gida, ya leƙa, ya ga ƙura da gawar kyankyaso, ya ce in wuce.

Mai gyaran Bolori mutum ne mai magani ɗaya. Ko me ya sami kwamfuta, wanke ta zai yi tas ya zuba sabuwar manhaja. Na ce masa abin da ke ciki nake so, ba tukunyar ba. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya ƙi karɓar ƙaddara. Ya hure ta da famfon iska, ya karɓi kuɗin dubawa, ya ce in na shirya wankewa in dawo. Na fito da kwamfuta mai tsabta da fayil a kulle.

Hajja ta zo sau huɗu a cikin kwana goma. Daga Maisandari keke biyu ne, da shingayensu. Ba ta taɓa yi min faɗa ba, kuma wannan ya fi ci na. Takan zauna a kan katan ɗin nan ta yi min sannu irin ta Kanuri, ta ce, "Malam akawu, wushe da aiki. Ya buɗu?" In ce saura kaɗan. Alhaji kuwa ya daina fitowa da zancen rashin ƙaryar kwamfuta, ya koma cewa shi dama tun farko littafi ya fi so.

Wadda ta cece ni wata abokiyar karatuna ce, 'yar kudancin Borno, da ke riƙe da lissafin wata makarantar coci. Irin manhajarmu take amfani da ita, kuma ofishinsu na da batir mai ajiye wuta. Na kai mata kwamfutar, ta saurari labarin wahalata har ƙarshe, ba ta yi dariya ba sai da na kai kan sojan. Sannan ta buɗe jakar da fayil ɗin yake, ta nuna min wani ɗan ƙaramin fayil a gefensa.

"Ka ga wanin da ke amfani da shi," ta ce. "Manhajar ce ke ajiye shi idan ka shiga, ta ɗauke idan ka fita. Wuta ta ɗauke muku ba ku yi sallama ba, shi ya sa take zaton har yanzu kana ciki."

Ta goge shi. Ta danna. Fayil ɗin bara ya buɗe kamar bai taɓa yin gardama da kowa ba. Kwana goma, shinge ba adadi, kuɗin mai gyara, ashe ni ne wanin.

Da ina da hankali da na duba sunan mutumin a nan, ni kaɗai. Amma na fi son in yi bajintata a gaban Alhaji. Na kwashi kwamfuta na koma kasuwa, na jira ranar da Hajja za ta zo, na sa aka tayar da janareta. Na ciro kalandar bara daga bayan ƙofa, muka ƙirga Litinin ta biyu bayan Sallah. Na buga sunan mijinta. Layi ya fito: sukari, sabulu, taliya, an biya. Na karanta ranar da ƙarfi kafin ƙwaƙwalwata ta iso bakina.

Asabar ce. Kwana biyar bayan Litinin ɗin.

Hajja ta miƙe tsaye. "Asabar? Wato ya iso. Hanya ce aka rufe, ya zauna a gari yana jira. Har Asabar yana raye, yana sayen sabulu!" Ta fashe da kuka tana hamdala, Alhaji yana taya ta, yana cewa ai ya faɗa mata.

Ni kuwa ban taya su murna ba, domin na san yadda nake aiki. Takardun ciniki a jikin ƙusa ake tsire su, kuma Alhaji ba ya barin a tayar da janareta sai ƙusar ta cika. Manhajar tana sa ranar da kake zaune a gabanta da kanta, sai in ka tsaya ka canza. Wa zai tsaya canza rana a takarda ɗari uku da man lita biyu? Har haɗa takardun mutum ɗaya nake yi in zuba su a layi guda. A watan nan ga hidimar Sallah, ga kwanakin da aka rufe kasuwa, takardun kusan mako huɗu na zuba a Asabar ɗin nan. Sayayyar na iya zama ta Litinin ɗin. Tana iya zama ta kafin Sallah, lokacin da kowane mai kanti ke zuwa sari. Takardun da ke ɗauke da ainihin ranar kuwa, da na gama da su mai ƙosan bakin layi nake ba wa ta naɗe ƙosai.

"Malam akawu, buga min a takarda," ta ce.

Na buga mata. Hannuna ne ya danna, ba wanda ya tilasta ni.

Da ta tafi na faɗa wa Alhaji. Sai ya ce, "Ka bar ta mana. Ka ga yadda ta fita?" Daga nan ya tuna janareta na ci, ya ce a kashe.

Mako biyu na yi ina barinta. Sai labari ya zo min cewa ta sallami 'yan'uwan mijin da zancen takabarsu, ta sa an lulluɓe takardar da leda a shagon buga takardu, kullum tana ƙofar bariki da ita da ƙullin abinci, tana nuna wa duk mai kaki da ya yarda ya tsaya. Abin ya hana ni sukuni. Ran Juma'a bayan masallaci na hau keke zuwa Maisandari, na yi ta tambaya har aka nuna min gidan, wani gini da ba a gama ba, an toshe tagoginsa da buhu.

Ta shimfiɗa min tabarma. Na faɗa mata komai, ƙusar, man janareta, mai ƙosai. Ban rage wa kaina laifi ba, domin babu inda zan rage. Ta saurara, takardar na kan cinyarta.

"Wato ba ka san ko ya iso ba," ta ce.

"Ban sani ba, Hajja."

"Ba ka kuma san bai iso ba."

"Shi ma ban sani ba."

Ta daɗe tana kallon takardar, ita da ba ta karatun boko. Ta sa yatsa daidai kan ranar, inda aka nuna mata.

"Ɗana, kai ba ka sani ba, ni ban sani ba, Alhaji bai sani ba. Shekara guda ina tambaya, wannan kaɗai ce ta ba ni amsa. Ka bar min ita."

Ta mayar da ita cikin lafaya, ta tambaye ni ko na san ƙarfe nawa ake buɗe ƙofar bariki ran Asabar.