Hawainiyar Tanti Rabi Ta Ƙi Cin Fara

Wallahi ko na tsufa ba zan manta ranar da Tanti Rabi ta kira butik ɗinmu saboda hawainiya ba. Ku sababbin shiga wannan aiki namu na dabbobi da kuka dame ni a gurup wai in ba ku labarin yadda aka yi na je Paris, to ga shi, ku gyara zama. Cikin taram, jirgin nan na cikin gari, nake bugawa da babban yatsa, in kun ga kuskure ku haɗiye.

Shekarata ta biyu ke nan a Lyon, ina karatun ilimin halittu a fak, wato jami'a, ina kwana can unguwar Minguettes. Laraba da Asabar ina aiki a butik ɗin sayar da dabbobin gida. Ga wanda bai sani ba, butik ɗin kashi-kashi yake, kowane kashi ana ce mishi reyon: na karnuka da kyanwa, na tsuntsaye, na kifi, sai can ƙurya na masu rarrafe, wato macizai, kunkuru, ƙadangaru da hawainiya. Na ƙuryar nan shi ne nawa. Ba don an ga cancantata aka ba ni ba, babu mai so ne. Mu da a Damagaram in muka hango hawainiya bisa dogon yaro sai kowa ya ja da baya, kaka na ihu kar ta tofa mana yawu. Nan kuwa keji ake saya mata, da fitila biyu, ɗaya ta zafi, ɗaya mai madadin rana, ana fesa mata ruwa bisa ganye don ba ta sha a kwano. Abincinta gyare da fara masu rai. Fara fa! Irin wadda muke soyawa da yaji. In na buɗe kwalin sai miyau ya zubo mini.

A hankali na iya aikin, har na so shi. Sai Madam mai butik ta ce bayan hutun ƙarshen shekara za ta tura mutum ɗaya Paris, formasiyon, wato horo, a kan masu rarrafe, jirgin ƙasa da ɗaki duk nata, kuma wanda ya je shi zai riƙe reyon ɗin da kwantiragi na gaske. Ni dai na riga na ga kaina a Paris. Har tsayuwar da zan yi a hoto na tsara.

Sai ga Mutari.

Mutari ɗan Maradi ne, ya yi zaman Saint-Denis a gefen Paris, ya sauko Lyon karatun kasuwanci. Dogo, takalmi fari fat, turarensa na riga shi shigowa. Faransancinsa ta hanci yake ja. Wallahi bai san bambancin gyare da kyankyaso ba. Amma baki! Tsohuwa za ta shigo sayen abincin kyanwa, ta fita da gadon kyanwa da buroshi da ƙwallo, kuma ita ce ke mishi godiya. Kullum Madam ba ta da magana sai Mutari kaza, Mutari kaza. Ni kuwa abin da nake samu shi ne, "Laminu, an share kejin kunkuru?" Rannan tana wucewa ta ce mana, "Maganar Paris, ku biyu nake dubawa." Ku biyu! Na je bayan kwalayen fara na tsaya ina huci.

To Tanti Rabi fa, wasunku sun san ta. Ƴar Tahoua ce, tana aikin asibiti, tana zaune a Vaulx-en-Velin, kuma ita ce uwar ɗaliban Nijar na Lyon. Babu wanda ya sauka garin nan bai ci dambunta ba. Ɗiyarta Nafisa, haihuwar nan, ta sayi ƴar hawainiya a hannuna, ƙarama, ba ta fi tsawon yatsa ba in ka cire wutsiya, ta sa mata suna Gimbiya. Ba a daɗe ba ta samu gurbin karatu a Paris. Ɗakin ɗalibai ba a shiga da dabba, sai ta bar wa uwarta amana.

Wata Asabar da hantsi telefon ɗin butik ya yi ƙara, na ɗauka. Ko gaisuwar ba mu gama ba.

"Laminu, Gimbiya ta ƙi ci. Ta yi baƙi ƙirin, ta rame. Amana ce hwa! In ta mutu hannuna mi zan ce ma ɗiyata?"

Dokar butik ita ce, dabbar da muka sayar in ta samu matsala muna zuwa mu duba kafin a ce a kai ta wurin likitan dabbobi. Na gaya wa Madam, ta ce in tafi in na tashi. Na ji daɗi, na ce yau za a san wa ya iya aiki. Sai ta ƙara da cewa, "Ka tafi da Mutari, ya ga yadda ake yi."

Muka ɗauki jirgin ƙarƙashin ƙasa, metiro D, muka canza zuwa A. Yana ta duba gashinsa a gilashi, can ya juyo.

"Kai Laminu, wai abin nan tana cizo?"

"Ƴan Maradi kawai take cizo," na ce mishi.

Tun daga ƙofar gidan na san akwai magana. Takalma ne birjik, na mata, kamar ranar suna. Muka yi sallama muka shiga. Salon, wato falo, cike: Hajiya Falmata ƴar Cadi mai sayar da turaren wuta, wasu mata biyu ƴan Garwa, da maƙwabta, tele na kunne, ana zuba shayi. A tsakiyar salon, bisa tabur, ga kejin Gimbiya. Ita kuma ta sauko can ƙasan reshe ta maƙale, baƙa kamar gawayi, ido a rufe tun dare bai yi ba. Wata na ƙwanƙwasa kejin da zobe tana cewa, "Sannu Gimbiya, ya jiki? Allah ya ba da sauƙi." Wata ma da ledar lemu ta zo.

Na durƙusa na gaida kowa, na ce, "Tanti, ba a ɗakin Nafisa kejin yake ba?"

"Can yake. Da na ga ta ƙi ci, na ce kaɗaici ne, kewar uwar ɗakinta take. Wa ke barin mara lahiya shi kaɗai cikin ɗaki? Shi ne na hiddo ta cikin mutane. Na hwaɗa ma ƙawayena, Allah ya saka musu, kullum bayan la'asar sai sun zo dubiya. Har soyayyar hwara da aka aiko mini daga gida na ba ta, ko kallo ba ta yi ba."

Mutari tuni ya naɗe ƙafa a kan kafet, an aje mishi kwanon dambu.

Ni na shiga aiki. Ku riƙe tsarin, don za ku buƙace shi. Ka fara da zafi: na auna sama da ƙasan keji, daidai. Fitilar rana sabuwa ce, ni na sayar. Ruwa ana fesawa. Na duba kashinta, na duba bakinta, babu kumburi. Idanun ba su faɗa ba. Na sa mata yatsa ta riƙe gam, akwai sauran ƙarfi. Sai na ga guntun farar fata a maƙale da reshe. Ashe saɓa ta yi. Hawainiya in tana saɓa takan ɗan bar abinci, ta koma da kanta. Da an ƙyale ta da tuni an wuce wurin. Amma ita halitta ce mai zaman kaɗaici, duk idon da ya kalle ta gani take shaho ne zai sure ta. An ɗauko ta an dasa tsakiyar idanu da tele da tafi. Kuma ƙarama ba ta da ajiyar jiki, in aka ci gaba haka tafiya za ta yi.

Na gano! Na miƙe tsaye, na gyara murya yadda kowa zai ji, har da Mutari.

"Tanti, ba ciwo ba ne, sitires ne, takura ce. Mutane ne suka yi mata yawa. Dole a daina taruwa a kanta, in ba haka ba mutuwa za ta yi."

Tsit. Tele kaɗai ke magana. Hajiya Falmata ta aje kofin shayi a hankali, ta jawo mayafi.

"To. Ashe mu ne ciwon. Ku tashi mu ba su wuri."

Fuskar Tanti ta canza. "Laminu, cikin gidana kake kore mini baƙi? Don ƙadangare?"

Gaskiya na faɗa, kimiyya tsantsa, amma ga mata na neman jakunkunansu.

Sai muryar Mutari daga ƙasa, baki cike da dambu.

"Inna, don Allah in yi tambaya."

Inna! Ni shekara biyu ina Tanti, Tanti, shi daga zuwa ya zama ɗan gida.

"Sanda aka kai ki gidan Baba kina amarya, surukarki ta aje miki tuwo ta zauna tana kallonki, kin ci?"

Tanti ta yi kamar ba za ta amsa ba, sai dariya ta ƙwace mata. "Ni? In ci gaban uwar miji? Yunwa kamar ta kashe ni, sai na ga ta hita nake jawo kwanon bayan ƙyaure."

Hajiya Falmata ta saki mayafin. "Ni har yau ba na ci gaban tawa, ga ni da jikoki."

"To ai shi ke nan," in ji Mutari. "Gimbiya baƙuwa ce a hannunku, ku kuwa surukai ne, manya-manya, kun zagaye ta kuna jira ta buɗe baki. Ta yaya? Kunya ce ke cin yarinyar nan."

Wayyo, ku zo ku ga salon! "Allah sarki!" "Ƴar mutunci!" Ɗaya daga cikin ƴan Garwa ta ce wallahi ta fi ƴan matan yanzu tarbiyya. Su da kansu suka ce a maida ta ɗaki. Hajiya Falmata ta ciro sabon zane daga jakarta ta ce a yi mata labule. Ni na ɗauki keji, ni na maida fitilu, ni na rufe gefe uku da zanen na bar gaba don iska, ni na saki gyare ƙanana a ciki, na ce wa Tanti ta riƙa fesa ruwa ta fito, in ba a ga canji ba nan da ɗan lokaci mu kai ta wurin likita. Ina fitowa da gumi na tarar ana ƙara wa Mutari nama ana sa mishi albarka. Abin da na faɗa fa shi ya faɗa! Hula kawai ya sa wa maganar.

A metiro na juya mishi ƙeya. Shi kuwa yana rungume da roba cike da dambu.

Ranar Laraba ina shiga butik ya tare ni da telefon. Tanti ta laɓe a bakin ƙofa ta ɗauki bidiyo: Gimbiya ta koma kore shar, ta hau saman reshe, ido ɗaya gaba ɗaya baya, sai fyat, harshe ya fita ya dawo da gyare. Ana jin Tanti na raɗa, "Alhamdu lillahi, ta ci, ta ci." Na ji daɗi har cikin raina, ba zan ɓoye ba. Sai kuma na tuna a telefon ɗin wa nake kallo. Ni ba a turo mini ba. Bayan haka Tanti ta kira Madam ta yi ta yabon "likita Mutari", ta aiko mishi da kilishi. Ya miƙo mini yanki, na ce azumi nake. Ba na azumi.

Na cire rai da Paris. Da Madam ta kira mu buro, ofis ɗinta, na shiga kamar mai zuwa karɓar gawa. Kafin ta yi magana Mutari ya ce, "Madam, ni fa labari kawai na ba su. Laminu ne ya gano abin." Kun ji! Har a kirki ma sai ya riga ni.

Madam ta ce, "Na sani. Laminu ne zai tafi Paris."

Jama'a! Na yi tsalle har na bugi fitilar buro. Paris! Kwantiragi! Reyon nawa! Ina cikin mersi, mersi, sai ta juya wurin Mutari tana murmushi.

"Kai kuwa ba zan iya rasa ka a butik ba ko na mako ɗaya. Masu saye kai suke tambaya."

Na daina tsallen. Wato ni ne wanda za a iya yi babu shi.

Na je Paris dai, na sha formasiyon, na taɓa macizan da ban taɓa gani ba, na biya Saint-Denis inda Nafisa take, na nuna mata bidiyon Gimbiya da Mutari ya turo mini daga baya, har ta yi hawaye. Na ɗau hoton nan da na tsara na tura wa Mutari don ya ji a jikinsa. Ya maido mini da nasa: zaune a kafet ɗin Tanti, kwano a gaba, yana ɗaga mini cokali.

To ku sababbin shiga, ga abin da na kwasa. Ku iya auna zafi, ku iya duba kashi da ido, dole ne, in ba haka ba dabba za ta mutu a hannunku. Amma hawainiya ba ta kiran telefon, ba ta shigowa butik. Mai ita ke zuwa, da baƙinsa da kunyarsa da abin da kakarsa ta koya mishi, kuma ta bakinsa maganinku zai bi kafin ya kai keji. Ni na koyi wannan daga mutumin da har gobe tsoron kama gyare yake.

Yanzu reyon nawa ne, Gimbiya ta zama ƙatuwa, har yau da labulen Hajiya Falmata take cin abinci. Amma duk sanda Tanti ta kira butik na ɗauka, mun gaisa ta tambayi karatu, sai ta ce, "To madalla, Laminu. Ba ni likita."