Tambayar da Ba a Yi wa Baƙon Manja

Idan ka shiga unguwar Shahuci ka ce gidan Malam Ilu kake nema, sai an tambaye ka wane Ilun. Amma ka ce Ilu Mai Manja, nan take za a nuna maka soron da dokin ƙofarsa ya yi ja. Ba fenti ba ne, jarkoki ne suka yi ta gogarsa tun zamanin mahaifinsa. Mutum ne gajere mai yawan fara'a, kuma ban taɓa ganinsa da farar riga ba. Matarsa Husaina ta ce tun suna amarci ta haƙura da wannan.

Sana'ar gado ce, haka ma baƙon da ke kawo kayan. Baba Adejo, wani dattijo daga ƙasar Igala, shi ke kawo manja gidan tun Ilu yana ɗaukar allo. Idan ya zo, ɗakin soro nasa ne, kwano ɗaya suke ci da maigida, kuma Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni daɗi. To, a wannan harka akwai ƙa'idar da kowa ya sani ba tare da an koya masa ba: mai masauki ba ya tambayar baƙonsa inda ya samo kaya. Ka ɗanɗana, ka shinshina, ka ce ya yi ko bai yi ba, duk an yarda. Amma ka ce "daga wane gari?", ka nuna ke nan kana shirin zagaye shi ka je ka saya da kanka. Mahaifin Ilu ya rasu bai san sunan ƙauye ko ɗaya ba, kuma yana alfahari da hakan.

Da, kwalba-kwalba ake sayarwa ga masu ƙosai da masu miyar taushe. Daga baya wani kamfanin sabulu ya fara ɗaukar kayan Ilu duro-duro, har ya zama kusan duk abin da Baba Adejo ya kawo can yake tafiya. Da wannan Ilu ya yi wa gidan rufin kwano, ya aurar da ƙannensa, ya kuma daina kula masu kwalba, su ma suka koma wani wuri.

Ana nan sai wata rana da hantsi wata ma'aikaciyar kamfanin, Malama Aminat, ta yi sallama a soron. Ta cire takalmi ta gaishe shi da ladabi, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Masu sayen sabulunsu a ƙasashen waje sun ce ba za su ƙara karɓa ba sai an tabbatar manjan bai fito daga inda ake sare gandun daji a dasa kwakwar manja ba. Don haka duk mai kawo musu kaya sai ya kai su sun ga gonakin da wurin matsar da idonsu.

Ilu ya yi dariya ya ce, "Malama, ni da ko bishiyar kwakwar ban taɓa gani ba sai a waya?"

Ta ce, "Ai sai ka tambayi mai kawo maka, Baba."

"Ba a yi."

"Me ya hana?"

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara, har da gyaɗa kai, sannan ta ce wallahi ta fahimta, amma ita ma aiko ta aka yi. Idan babu wurin da za a je a gani, daga bayan Sallah motarsu ba za ta sake zuwa ba.

Tun daga ranar fara'ar Ilu ta ragu. Husaina ta ce, "Malam, mutumin nan kamar uba yake gare ka. Ka tambaye shi mana, cinye ka zai yi?"

Ya ce, "Don yana kamar uban ne ba zan iya ba. Kuma ki duba, in na kai su suka ga hanya, me za su yi da ni? Me za su yi da shi?"

"In kuma ba ka kai su ba fa?"

"Shi ke nan, mu sha manjan da koko."

Ta ce ita ba ta ga abin wasa ba a nan.

Da Baba Adejo ya zo, aka sauke kaya, aka yi la'asar, aka kawo tuwo. Ilu ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi hanya, ya tambayi ciwon gwiwa, ya tambayi damina. Sai da tuwon ya yi rabi ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kamfani ne suka matsa mini. Wai suna son sanin garuruwan da man nan yake fitowa."

Dattijon ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya dube shi ya ce, "Iliyasu, kai ne kake tambaya ko su?"

"Su ne, Baba."

"Amma bakinka na ji."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi sauƙi. A hankali ya ce wani man daga matan ƙauye yake saye, kowace da ɗan galan ɗinta, daga bishiyoyin da suka gada. Wani kuma daga wani sabon injin matsa ne, kuma bai taɓa tambayar mai injin inda yake samun kwakwa ba, don can ma mai saye ba ya tambaya, ƙa'idar ɗaya ce. Duk a duro ɗaya ake juyewa. Ya ce, "In na kai su wurin matan, gobe su aiko motarsu, ni na zama ɗan kallo. In na kai su injin, ban san me za su gani ba. To wanne kake so in yi maka?"

Baba Adejo ya wanke hannu, ya ce ya ƙoshi.

Ilu ya kai wa Aminat abin da ya ji, bai ƙara ba bai rage ba. Ta ce ta gode da gaskiyar da ya faɗa, za ta kai sama. Bayan Sallah motar ba ta zo ba.

Manja dai bai daina zuwa Shahuci ba. Baba Adejo yana aikowa yadda ya saba, mai kyau, ba gauraye da komai ba, sai dai yanzu direba ne ke kawowa, ya sauke ya juya. Idan Ilu ya kira shi a waya, yana ɗauka, su gaisa, ya tambayi Husaina, ya ce gwiwa ce ta hana shi tafiya. Ilu ba zai iya cewa a rage kayan ba, don kada a ce tambayar da ma sallama ce. Durorin sun cika soro har sun fara shiga tsakar gida, shi kuma ya koma bin masu ƙosai yana tuna musu sunan mahaifinsa.

Kwanan baya na same shi yana cika kwalba da mazurari. Na ce, "Malam Ilu, me zai hana ka shirya ka je can da kanka, ku zauna ku yi magana?"

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "In je ina? Ai har yanzu bai faɗa mini sunan garin ba."