Kwanukan Dubiya

Har yau in na ga kwanon abinci rufe da faifai, raina yakan ɓaci. Mutane suna cewa alheri ne. Ni na san abin da alherin nan ya yi wa babana.

Baba ɗan kasuwar tattasai ne a Diffa. Yakan bi gonakin bakin Komadugu ya sayi busasshe, ya loda wa mota zuwa Damagaram. Ba wanda bai san shi ba, kuma sanin nan ne ya cuce mu. Wata shekara, ana tsakiyar ɗibar tattasai, ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa, hannun hagu ya saki. Da aka kai shi likita, lokotoron asibitin ya ce tansiyo ce, wato hawan jini. Ni ya kira gefe, don innarmu ta daɗe da rasuwa, ni ke dafa wa Baba. Ya ɗauko ƙaramin cokalin shayi ya nuna mini.

"Ko mai lafiya, gishirinsa na wuni guda kada ya cika wannan. Har da na cikin dunƙulen miya, da kanwa, da bandar kifi. Shi kuwa tsohon nan sai ƙasa da haka. In ya sake faɗuwa, ba lalle ya tashi ba."

Na koma gida na ɓoye gishiri, na koyi haɗa miya da tafarnuwa da citta da tsamiya. Baba yana ci yana yamutsa fuska, amma yana ci, har hannun ya fara riƙe carbi.

Sai kwanuka suka fara zuwa. A garinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma ba a mai da kwano cike, cin fuska ne. Dole marar lafiya ya sa hannu a gaban wadda ta kawo, don ta koma ta ce ya ci. Matan abokan kasuwarsa, matan manoman da yake saya a hannunsu, har daga Baruwa, kowace da miyar bandarta, gishiri har zartsi. Na roƙe su, na nuna musu cokalin, suka yi ta dariya.

Goggo, yayar Baba, ita ta fi kowa. Kullum da farfesunta da kunun kanwa.

"Ke ƴar lakwal mai kan boko, ƙanena za ki kashe da lami? Namijin da ba ya cin gishiri da me zai miƙe?"

"Goggo, lokotoro ne ya hana."

"Shi ya goya shi ko ni?"

Na koma tare ƙofar zaure, ina karɓe kwanukan in ce Baba na barci. Nan da nan unguwa ta ɗauka: wai ina hana tsoho abinci, wai awaki nake zuba wa girkin mutane. Maganar ta kai kunnen Baba, ya kira ni.

"Uwata, mutane sun tako saboda ni, in kunyata su? Loma biyu ce kawai. Bar su su shigo."

Loma biyu a kowane kwano, safe da yamma! Shi ma na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Mutumin da manomi bai isa ya cusa masa jiƙaƙƙen tattasai ba, ya kasa ce wa mace mai kwano a'a.

Kafin damina ya sake faɗuwa, a kan tabarma, bayan la'asar. Wannan karon baki ya karkace, magana ta tafi. Ba abin da ke wucewa sai kunu mai ruwa-ruwa, shi ma da ƙaramin cokalin shayi nake ɗiga masa.

A lokacin ne garin ya gane. Kwanuka suka ci gaba da zuwa, amma yanzu duk lami. Goggo ta shigo da nata, ta buɗe a gabansa, ta dube ni.

"Ga shi nan, ko ƙwaya ban sa ba, yadda kike so."

Yadda nake so! Na yunƙura in watsar da shi a tsakar gida. Sai na ga Baba ya dubi kwanon, ya dube ni, ya sake duban kwanon. Na gane abin da yake roƙo, kada ya koma cike.

Na zauna a gaban Goggo, na wanke hannu, na cinye shi tas.