Rigar Enoch a Kogon Hob

A shekara ashirin da biyu na ƙarshen rayuwarsa, ba wanda ya ga Enoch Cammish a titi ba tare da shuɗiyar rigar sanyin nan tasa ba. Baƙi kan ɗauka talauci ne. Talaucin kam akwai shi, jirgin kamun kifi ɗaya muke da shi ni da shi, ruwan da yake sha ya fi kifin da yake kawowa. Amma ba shi ne dalili ba.

Da ƙuruciya, Enoch ba shi da abin ba'a kamar Hob, gajeren aljanin nan mai gashi da ke zaune tsirara a kogon bayan gaɓarmu, wanda ake kai wa yara ya ɗauke musu tarin shiƙa. In mun gifta kogon a jirgi, sai ya cire hula ya tambayi Hob ko ya samu wando. A mashaya kuwa cewa yake duk wanda likitansa bai iya aske ƙafarsa ba, to ya fara neman mai gina kabari.

Sai tarin ya shiga gidansa. Da ya kama ɗan fari, surukarsa Keziah ta roƙe shi ya kai yaron kogo, ya ƙi, ya kira likita. Muka binne yaron. A kan na biyu ma ya ƙi, muka binne shi kusa da wansa. Hunturu na uku tarin ya kama Tamar, 'yar shekara uku, ita kaɗai ta rage. Takan yi tari har leɓɓanta su yi shuɗi, ta ja numfashi kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Matarsa Dinah ba ta roƙe shi ba. Da safe, da ruwan teku ya janye, ta naɗe yarinyar a bargo, ta ɗora masa a hannu, ta buɗe ƙofa.

Ya biyo ta gidana. “Jabez, raka ni. In ka yi dariya zan zubar maka da haƙoran da suka rage.” Ban yi ba.

A bakin kogon ya tsaya kamar wanda ya zo biko. Kalmomin da ake faɗa bai iya su ba, shekarun da ya kamata ya koya ya ƙare su wajen tsiya. Sai ya yi nasa: “Dattijo, ni ne mai bakin nan. Ni na yi maka, ba ita ba. Ita kaɗai ce.” Ya lalube aljihu, ko ɓawon burodi babu. Sai ya tuɓe rigar sanyin da Dinah ta saƙa masa ta aure, ya ninke, ya ajiye kan dutse. Ni kuwa, sakarai na biyu, har na yaba masa.

Muna shiga gida Keziah ta dube shi daga wuya zuwa ƙugu, ta tambayi rigar. Ya faɗa mata. Tsohuwar ta dafa bango.

“Tufa ka ba Hob? Ai sallamarsa ka yi, ɗan nan. Madara ake ajiye masa. Yana sa riga zai ga ya zama babban mutum, ya bar kogon, ba mu ba shi.”

Kowane yaro a garin ya san wannan, sai mu biyu. Dinah ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Tamar ta sake sarƙewa.

Ruwa ya riga ya juyo. Na riƙe shi, na ce ya bari sai ya sake janyewa. Ya ce kafin nan Hob ya sa ta. Ya fizge. Daga saman dutse na hango shi, ruwa a gwiwa, ruwa a ƙugu, sannan kogon ya haɗiye shi, teku ta rufe hanya. Iskar ranar ba ta barin a sa jirgi. Tun hantsi har rana ta kusa faɗuwa Dinah na kai da komo tsakanin gadon 'yarta da bakin ƙofa, ba ta san wanne za ta fara rasawa ba. 

Da ruwan ya sake janyewa, muka same shi a maƙale kan wani tudun dutse can ciki, rigar a jikinsa, muƙamuƙinsa ya ƙage. Da ƙyar ya ce: “Yadda na ninke ta na same ta. Bai taɓa ba.” Sannan ya tambaya ko Tamar tana numfashi.

Tana yi. Mako biyar ta ƙara tana fama, ta tashi. Likita ya ce lokacin ciwon ne ya ƙare, Keziah ta ce wa likitan ya sha shayinsa. Enoch kuwa ƙirjinsa bai sake zama daidai ba, da tari ya tsufa. Yakan ce Hob ya ɗauki tarin, sai dai malalaci ne, bai kai shi nesa ba, ya sauke wa na kusa. Ranar wanki kaɗai yake tuɓe rigar, ya ja kujera ya zauna ƙarƙashin igiya yana gadi har ta bushe.

Da ya mutu, matan unguwa suka ce a sa masa farar riga kamar kowa. Tamar, da goyonta na huɗu a hannu, ta ƙi. Ta ce a binne shi da abarsa, don in an bar ta a waje ba a san wanda zai tsinta ba.