Ƙodar Gwaggo Desanka

Gwaggo Desanka ba ta taɓa yarda da aikina ba, ni ma ban yarda da nata ba, amma shekara ashirin da shida muna gaisawa ta kan shinge. Ni ce mai kemis ɗin garinmu. Ita kuwa ganye ta sani. Duk wanda ya ƙone, ko tari ya dame shi, ko barci ya ƙaurace masa, gidanta yake fara zuwa, sai abin ya gagara ya zo mini yana sosa ƙeya. Kowace shekara a tsakiyar bazara, ranar idin Waliyyi Yohanna, takan hau dutse tun raɓa ba ta bushe ba ta tsinko kantariyon, furen nan rawaya da in ka murza shi yake bar maka ja a yatsa kamar ka yanke. Wani ta jiƙa a mai, wani ta rataye a kicin ya bushe don shayi. Uwar ƙwayoyi take kirana, ni kuma in ce mata uwar ciyawa.

Itace ya faɗo wa mijinta a daji tun tana da ƙuruciya, ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Milutin. Ita kaɗai ta raine shi har ya zama direban babbar motar katako. Yana da shekara arba'in ƙodojinsa biyu suka mutu. Da ta ga yadda yake dawowa daga injin wankin jini a galabaice, ba ta yi shawara da kowa ba, ta shiga bas zuwa babban asibitin birni ta ce a cire tata. Aka gwada, ta dace, aka dasa masa. Mako uku da sallamarta na hango ta a duƙe tana yi wa dankali ciyawa.

Ni nake ba shi maganinsa duk wata, kuma tun ranar farko na zaunar da shi. Na ce masa jikin mutum bai san uwa ba. Duk abin da ba nasa ba ne, baƙo ne, kuma sojojin jini kashe baƙo suke yi. Ƙwayar nan ce take kwantar da su. In ka haɗiye ta, daga hanji take shiga jini, jini ya bi da ita ta hanta, hanta kuma ta dinga niƙe ta kaɗan-kaɗan har ta ƙare. Shi ya sa ake shan wata kafin ta baya ta gama ƙarewa, safe da yamma, ba fashi. Ya ji, ya kiyaye. Shekara biyu lafiya lau.

A sanyin shekara ta uku ne abin ya fara. An hana shi tuƙin doguwar tafiya, sai ya koma zaman taga, yana kallon dusar ƙanƙara yini guda ba uffan. Da aka auna jininsa a watan Maris, aka ce maganin ya yi ƙasa. Likitoci suka ƙara masa yawan ƙwayar. Bayan wata guda aka sake aunawa, ya ƙara yin ƙasa. Ni kuwa da saurin fushina, ina ganinsa na hau shi da faɗa a gaban mutane, na ce tsohuwa ta yanke jikinta ta ba ka, kai kana wasa da magani.

"Yaya, na rantse da Allah ko sau ɗaya ban tsallake ba," in ji shi.

Ban yarda ba. Sai da ya juya zai fita na lura ya take bayan takalminsa, don ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga.

Ranar Lahadi bayan coci na shiga gidansu. Yana zaune a teburin kicin, fuska a kumbure, Gwaggo Desanka tana tsiyaya masa shayi mai duhu daga buta. Na ɗaga kai. Daurin kantariyon da ya saba cika rufin nan, saura biyu kacal. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun Kirsimeti, sau uku a rana, don baƙin ran da ya kama shi, kuma ga shi har ya fara magana da mutane.

Na yi mata bayani. Furen nan ba guba ba ne, tsokanar hanta yake yi. Yana sa ta ninka aikinta, ta niƙe ƙwayar tun ba ta gama zagaya jiki ba. Wata huɗu ke nan yana haɗiyar magani hanta tana zubarwa, sojojin jini kuma sun farka.

"Ke 'yar nan, kakata ta sha, uwata ta sha," ta ce. "Ke kanki kofi nawa kika sha a kujerar nan?"

Gaskiya ta faɗa, kuma ita ta fi yi mini zafi. Na sha, ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa tambayar abin da ɗanta yake sha a gida ba. Na juya ga Milutin na ce ai an hana kantariyon a cikin takardar da asibiti suka ba ka. Ya sunkuyar da kai ya ce ya gani. A garinmu ba a mayar wa uwa kofi, balle uwar da ƙodarta take jikinka. Ya ɗauka ɗan shayi ba zai yi komai ba.

Ranar muka kai shi asibiti, don ko daina shayin sai da ido a kansa: hanta tana lafawa, ƙwayar da aka ninka za ta taru ta zama wata masifar. Kwana tara likitoci suna fama. A na goma zazzaɓi ya rufe shi, suka shiga da shi ɗakin tiyata suka cire ƙodar da aka dasa masa.

Da na koma duba shi, a baranda na tarar da ita zaune, ta ɗaure ɗankwali, jakar kayanta a cinya. Ta ce tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba, a shirye take. Likitocin ba sa sauraronta, wai ni da na iya yarensu in je in gaya musu tana da sauran ƙoda guda, su cire su sa masa.

Na zauna kusa da ita na ce babu likitan da zai taɓa ta, ko ta kwana tana roƙo. Da guda ɗaya take rayuwa. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin da yake kwance.

"To, sai ki shiga ki faɗa masa da bakinki, 'yata," ta ce. "Ni na riga na ce masa sun yarda."