Amin Ɗari Uku, Yatsa Bakwai

Kafin masu koko su sauke tukunya, Anti Habsa ta riga ta buɗe tagar ɗakin kati a ƙaramin asibitin unguwarmu. Shekararta ashirin da shida a wurin, kuma watan nan za ta yi ritaya. Ta san mai shan maganinsa, ta san mai yi mata ƙarya.

Bara ta lura cewa manhajar da ke tura wa masu hawan jini saƙon ranar karɓar magani tana tsallake duk sunan da ke da ɗan layi a tsakiya. A unguwarmu ta Zango kuwa irin sunan nan ko'ina ne. Babana, Malam Abdul-Wadud, ya yi wata biyu ba saƙo ba magani, har ya faɗi a ƙofar masallaci. Na tsorata ƙwarai.

Masu manhajar 'yan sa-kai ne a wata ƙasa, kuma matsalar da ta fi samun ƙuri'a suke fara gyarawa. Ƙuri'ar hoton babban yatsa ce, ana danna shi a ƙasan ƙorafi. Anti Habsa ta rubuta namu, ta rufe da "Allah ya sa a gyara", ta tura wa kowa. Mu kuma muka yi abin da muka saba, muka yi ta rubuta Amin. Bayan mako biyu, Amin ɗari uku, yatsa bakwai. Har da ni a masu Amin.

Sai ta ɗauki jakarta ta bi gidajen suna, ta bi kasuwa, har Magazin wurin makanikai. Dramani mai gyaran birki ya ba ni labarin yadda ta tsaya a kansa.

"Anti, na yi Amin paa, sosai, har sau uku!" in ji shi.

"Allah ya ji, ɗana. Mutanen can ne ba su jin Amin koraa, ko kaɗan. Goge hannunka ka danna."

Ƙorafinmu ya tashi daga na tamanin zuwa na biyu, cikin kwana tara aka gyara.

Ke ce uwar kati, Anti Habsa. Kafin gyaran, da wayarki kike kiran tsofaffinmu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da wayar babana ta yi ƙara ya karanta cikakken sunansa, sai da na zauna don sanyin da na ji a raina. Mun gode, Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Masu karatu, na san abin da ke bakinku yanzu. Ku faɗe shi, sannan ku danna.