Neman Filtar Injin Niƙa Kafin Babbar Sallah

Mun tashi da asuba daga Gagarawa ranar Alhamis, ni da surukina, saura kwana biyar Babbar Sallah. Injin niƙana ne ya fito da mu neman filta. Sati biyu ke nan yana fesa tururin baƙin mai ta bututun numfashinsa, man ya lafe a bango, ya sauka a kan gari. Mata suka ce tuwonsu na warin gareji, wasu har sun koma turmi. Ni kuma tari ya hana ni sakat.

Wata tsohuwar akori-kura muka hau, kwabo talatin mutum, akuya kwabo goma. Sau biyu muka sauka muka tura ta a rairayi, akuyar da ke cikin motar ko motsi ba ta yi ba. A Gumel muka zaga shaguna uku, babu filta. Ko kokon da surukina ya saya ban iya tsayawa na shanye ba.

Mun isa Maigatari da hantsi, kasuwa ta cika maƙil. Raƙuma, kanwa, dabino, ga mutanen Damagaram suna lissafi da tamma, kuɗin ƙasarsu. Surukina ya tsaya taya rago, ni kuwa ina bin rumfunan kanikawa. Kowa sai ya girgiza kai, ya ce sai Kano, Kanon ma sai an dace. Ƙarshe wani direban tirela ya ce mu nemi dattijon da ke kula da injin ruwa a Sule Tankarkar.

Muka wuce Sule Tankarkar, can muka kwana. Da safe muka same shi yana sakar igiya. Na ce, "Baba, filta nake nema, na rasa."

Ya ce, "Ɗana, filta ai zare ce cikin gwangwani."

Ya ɗauko gwangwanin madara ya huhhuda, ya sa zaren rama, ya bi da audugar rimi. Ya ce iska tana iya lanƙwasa ta ratsa tsakanin zare, amma ɗigon mai ya fi ta nauyi, sai ya ci karo da zaren ya manne. Ɗigo ya haɗu da ɗigo, su yi nauyi, su gangaro ƙasa. Ya gargaɗe ni kada in danna audugar da yawa, in ba haka ba injin zai shaƙe. Ya ƙi karɓar komai sai goro biyu, ya kuma sa aka dama mana fura.

Muka iso gida da la'asar. Ban ko cire takalmi ba na ɗaura gwangwanin, na tayar da inji, na kara farar takarda a bakin bututun. Na ƙirga ɗari, sannan na duba. Takardar ta fito fes.

Tafiyar nan ta nuna mini cewa na san kunna inji da kashe shi, amma ban taɓa tambayar yadda yake numfashi ba. Bayan Sallah zan koma wurin dattijon nan, in zauna a gabansa kamar ɗan koyo.